Tsaunukan Aro: Waƙar Fim Daga Himalaya Zuwa Fadamar Haɗeja

Mai karatu, duk wanda ya tashi a Malam Madori ya san ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma: rairayi, fadama da goruba. To amma da yawanmu mun san tsauni mai ƙanƙara tun muna yara. A ina muka gan shi? A fim ɗin Indiya, ana rawa ana waƙa.

Tun a shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya Arewa. Kano kuwa ba nisa gare ta ba, domin layin dogon da ya isa Nguru a 1930 ta Malam Madori ya bi. Finafinai irin su Junglee (1961) da Kashmir Ki Kali (1964) sun mai da tsaunukan Kashmir dandalin masoya. Da rikici ya ɓarke can a 1989, sai aka karkata zuwa Siwizalan. Sannan da finafinan Hausa suka kankama bayan Turmin Danya (1990), musamman da Sangaya ya yi kasuwa, sai 'yan wasanmu su ma suka riƙa neman dutse da bakin dam don ɗaukar waƙa.

Sai dai akwai wani irin fim ɗin tsauni da bai cika zuwa mana ba, wanda ke nuna rayuwar sufayen addinin Buda. A Kundun (1997) na Martin Scorsese, labarin Dalai Lama ne, kuma Philip Glass ya gauraya kiɗansa da dogayen kakakin Tibet da amon addu'ar sufaye. Abin mamaki, a Maroko aka ɗauki akasarinsa, wato su ma aron tsauni suka yi. Himalaya (1999) a yankin Dolpo na Nepal aka yi shi, kan fataken gishiri, Samsara (2001) kuma a Ladakh. A waɗannan finafinai kiɗa kaɗaici yake jiyar da mai kallo, da wahalar wanda ya bar gida don neman ilmi.

Shin mu ba mu da irin wannan labari? Muna da shi, ko da yake aƙida ta sha bamban nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru almajirai na ratsa ƙasar Haɗeja su nufi gabas neman haddar Alƙur'ani. Gardi yakan fita kiskadi, ya kafa bukkar kara a bayan gari, daga shi sai allo da tawada. Wanda ya taɓa jin tashin karatun tsangaya da asubahin hunturu, ana kewaye da wutar kara, ya san ba a bukatar fiyano.

A 2011 wasu almajirai a Kano sun yi fim ɗin Duniya Juyi Juyi kan rayuwarsu, amma ta cikin birni ya nuna. Alarammomin da suka yi kiskadin da kuwa tsufa na cin su, suna tafiya da labarinsu. Kafin mai kyamara ya sake hawa dutsen aro, ya kamata ya leƙa bayan garinsu tukuna.