Fanka

fanka (suna, mace, jam'i: fankoki).

1. Na'ura mai fukafukai da ke juyawa da lantarki tana kaɗa iska. Misali: Kunna fanka, ɗakin ya yi zafi.

2. A kwamfuta: 'yar ƙaramar na'ura irin wannan da ake ɗorawa kan ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, don fitar da zafi. Kusan duk wutar da furosesa ta sha zafi take komawa. Shi ya sa ake manna mata wani ƙarfe mai haƙarƙari, na alminiyam ko jan ƙarfe, tare da shafa ɗan mai a tsakani don kada a bar iska a wurin, ƙarfen ya tsotse zafin, fanka ta kore shi waje. Idan zafi ya doshi digiri 100 a ma'aunin Selsiyos, furosesa kan rage gudu da kanta, in abin ya ci tura ta kashe kwamfutar.

Girman fanka ba ya gyara ƙirar da ke cin wuta. Furosesar Pentium 4 da Intel ya fitar a 2004 ta kai wat 115, har kamfanin ya fasa fitar da mai gudun gigahaz 4, ya koma ƙirar Core mai tsimin wuta a 2006. Wannan ce hanyar da ta dace. A 2020 Apple ya fitar da laftof ɗin MacBook Air mai furosesar M1, babu fanka ko ɗaya a cikinta.

Ƙurar hunturu kan toshe haƙarƙarin ƙarfen, sai fanka ta dinga kuka. Misali: Fankar laftof ɗina tana ƙara, zan kai a hure ta.