Yadda za ku haɗa kyamarar gida da intanet ba tare da buɗe wa ɓarayi ƙofa ba

A unguwannin Kawukudi, Nima da Maamobi na birnin Accra, akwai masu shaguna da magidanta da ke saka kyamarorin tsaro domin su riƙa ganin abin da ke gudana ta waya, ko da sun yi tafiya Kumasi ko Yamai. Wasu kuma na adana hotuna da takardun ciniki a kwamfutar gida. Sai dai hanyar da mai gida ke bi ya leƙa na'urarsa daga nesa, baƙo ma zai iya binta.

Mene ne haɗarin?

Akwai manhajojin da ke zagaya intanet dare da rana suna laluben na'urorin da aka bari da kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani. Ta haka manhajar Mirai ta mamaye dubban kyamarori da rautoci a 2016. A ƙarshen shekarar aka yi amfani da irinta wajen kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar hari a Laberiya, kuma a 2019 wata kotu a Ingila ta ɗaure wanda ya aikata. Wanda ya shiga kyamararku zai ga iyalinku, ya kuma san lokacin da shago ba kowa.

Matakan kariya

1. Ku sauya kalmar sirrin kamfani tun ranar farko. Idan ma'aikaci ne ya saka muku, ku sake sauyawa bayan tafiyarsa.

2. Ku kashe UPnP a rauta, domin yana bai wa na'urori damar buɗe ƙofa zuwa waje ba da saninku ba.

3. Maimakon buɗe ƙofar kai tsaye, ku yi amfani da VPN kamar WireGuard ko Tailscale. Wayoyin da kuka amince da su ne kawai za su shiga.

4. Idan shafi ne da jama'a za su ziyarta, ku sa masa takardar shaidar HTTPS. Let's Encrypt na bayar da ita kyauta.

5. Ku riƙa sabunta manhajar kyamara da ta rauta. Wadda kamfaninta ya daina sabuntawa, ku cire ta daga intanet.

Ina za a kai ƙara?

A Ghana, Hukumar Tsaron Intanet da aka kafa bisa dokar 2020 na karɓar rahoton kutse ta lamba 292. Idan kun ga alamar kutse, ku fara raba na'urar da intanet, sannan ku sauya kalmomin sirri.