Fadojin Sarakunan Hausa da Ke Ƙofar Gidanmu a Jos



Da yawa daga cikin yaranmu na Rayfield da Bukuru da cikin garin Jos an haife su a nan, sun girma a nan, amma ba su taɓa sa ƙafa a zauren fadar wani sarkin Hausa ba. Idan aka ce musu soro ko zanko ko azara, sai su yi zuru. Alhali kuwa tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Rayfield za ta kai su inda za su ga ganuwar Kano da masallacin Zariya da wani sashe na fadar Katsina, duk a fili ɗaya. A kan wannan wuri, da asalin gine-ginen da aka kwaikwayo a cikinsa, muke son mu yi bayani a rubutunmu na yau.

Tarihin wurin ya faro ne daga kuza, wadda ita ce ta kawo kakannin mafi yawanmu wannan tudu a farkon ƙarni na 20. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wasu mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok. Daga baya wani Bature mai suna Bernard Fagg ya shiga tattara irinsu, har ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. A shekarun 1970 aka ƙara masa wani sashe na musamman, wato gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Nijeriya, wanda ake taƙaita sunansa da MOTNA. Wanda ya tsara shi wani masanin gine-gine ne ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya shafe shekaru yana yawo a Nijeriya yana auna tsofaffin gidaje da masallatai yana zana su. Ya ga siminti da kwano suna cinye ginin ƙasa, sai ya nemi a sake gina fitattun daga cikinsu a wuri guda, a girmansu na ainihi, da hannun magina na gargajiya. Ya rasu a 1982, aka buga littafinsa mai juzu'i 3 a 1990.

Mu fara da Kano. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya kafa kasuwar Kurmi, ya kuma gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. A zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake tafiyar da mulki. Kenan gidan ya haura shekara 500 ana sarauta a cikinsa. Ya ga sarakunan Haɓe, ya ga na Fulani bayan jihadi, ya ga shigowar sojojin Turawa a watan Fabrairu na 1903, kuma bai daina zama gidan sarki ba. Kusa da shi akwai Gidan Makama, wanda yanzu ya zama gidan tarihi da kowa ke iya shiga.

A Katsina ana kiran fadar Gidan Korau, da sunan Muhammadu Korau wanda ake ɗauka a matsayin sarkin Katsina Musulmi na farko. A gabanta akwai filin Ƙofar Soro inda ake hawan salla, can cikin gari kuma ga hasumiyar Gobarau, wadda ke shaida cewa Katsina tsohuwar cibiyar ilimi ce.

Masallacin Zariya kuwa shi ne abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa. An gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), kuma wanda ya gina shi shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Da ƙasa da azara kawai ya ɗaga bakan gizo masu tsawo, ya ɗora tulluwa a kansu. Ana ba da labarin cewa wani sarki ya sa an kashe shi bayan ya gama masa aiki, don kada ya gina wa wani irinsa. Ko ba komai, labarin ya nuna irin kishin da ake yi a kan gwanintarsa. A shekarun 1970 an gina sabon masallaci na zamani wanda ya lulluɓe tsohon ɗakin sallar. Saboda haka duk mai son ya ga yadda ginin Babban Gwani yake daga waje, Jos zai zo, ba Zariya ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana nauyin amanar da ke garinmu.

A nan ne amfanin jagora yake. Wanda ya shiga shi kaɗai, bango kawai zai gani. Wanda ya shiga da masani zai ji cewa tubali ake jerawa, faɗinsa a ƙasa tsininsa a sama, kuma bangon yana da kauri a gindi yana siranta yayin da yake hawa. Zai ji cewa azara daga giginya ake tsaga ta saboda gara ba ta cika cin ta ba. Zai ji cewa makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, laso kuma daga katsin marina ake haɗa shi da dafara da gashin dabba, don ruwa kada ya ratsa rufi. Zai kuma gane cewa zaure da soro ba ado ba ne kawai. Tsari ne na mutunci: baƙo yana da iyakarsa, bafade yana da tasa, cikin gida kuma na iyali ne.

Sauran ƙasashe sun daɗe da gane haka. A Romaniya, da ke gabashin Turai, sarauta ta ƙare tun Disamba 1947 lokacin da aka tilasta wa Sarki Mika'ilu yin murabus. Duk da haka fadar Pelesh, wadda Sarki Karol na ɗaya ya fara ginawa a 1873 a garin Sinaia, tana cika da baƙi, ana zagayawa da su ɗaki bayan ɗaki ana yi musu bayani. Akwai kuma darasi na biyu a ƙasar. Gidan sarauta na Bran, wanda asalinsa ya kai 1377, yau duniya ta fi saninsa da tatsuniyar Dirakula mai shan jini, wadda wani marubuci ɗan Ailan ya ƙaga a 1897 ba tare da ya taɓa zuwa ƙasar ba. Idan masu gida ba su ba da labarin gidansu ba, wani zai ba da nasa, kuma nasan ne zai zauna.

Namu gine-ginen suna da wata matsala da na Turai ba su da ita. Nasu dutse ne, namu ƙasa ce. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, a gyara shi kafin damina, a duba indararo, a toshe tsaga tun tana ƙarama. A da, sarki ke tara jama'a a yi gayyar gyaran ganuwa. Da wannan al'ada ta mutu, ganuwar Kano ta zube a wurare da dama, wasu sassan kuma gidaje suka cinye. Ruwan Jos kuwa ya fi na Kano da Katsina yawa, don haka kwaikwayon da ke nan ya fi asalin buƙatar kulawa. Magina masu sanin ɗaurin guga su ma suna ƙarewa, domin yaransu sun koma bulo da siminti. Gini idan ya zube ana iya tayar da shi, in dai da wanda ya san yadda ake yi. Idan sanin ya tafi, to shi ke nan.

Don haka muke kira ga iyaye da malaman Islamiyya da na boko su shirya wa yara ziyara zuwa gidan tarihin a lokacin hutu. A nemi jagora daga ma'aikatan wurin, a tafi da dattijo ko magini da zai faɗi sunayen abubuwa da Hausa, a sa kowane yaro ya rubuta kalmomi 10 da ya koya. Kada a tsaya a kan na Hausawa kawai. A wurin akwai gine-ginen Tibi da na wasu ƙabilu, kuma ya dace yaranmu su ga na maƙwabtansu kamar yadda muke son a ga namu. A gari irin Jos, wanda ya ɗanɗana ɗacin rashin fahimtar juna, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Waɗanda Allah Ya hore wa zuwa Kano ko Katsina ko Zariya kuma, su tuna cewa fadojin can gidaje ne da ake zaune a cikinsu. Ana neman izini kafin a shiga, ana cire takalmi inda aka ce a cire, ba a ɗaukar hoto sai an yarda. Lokacin da ya fi dacewa shi ne na salla, musamman ranar Hawan Daushe a Kano. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Duk wanda ke da sha'awar shiga ziyarar da muke son ƙungiya ta shirya, ko yake da tsohon magini a danginsa da zai iya raka mu, ya sanar da mu a taro mai zuwa. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu zaman lafiya a Filato da Nijeriya baki ɗaya. Amin.

Daga Sakataren Ƙungiya