Kimiyya da Fasaha: Yadda hedfon na wasan kwamfuta ya yi araha

 A yau za mu duba tarihin na'urar nan da masu wasan kwamfuta ke sanyawa a kunne, mai haɗe da makirfo, wato hedfon. Hausawa kan ce araha ba ta ado. To, shin wanda ya sayi mai araha ya yi asarar kuɗinsa ke nan? Bari mu bi tarihi mu gani.

A shekarar 1910, wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin, a jihar Utah, ya riƙa haɗa hedfon da hannu a ɗakin girkinsa. Rundunar sojin ruwan Amurka ta gwada, ta gamsu, ta buƙaci guda 100. A 1961 kuma wasu matuƙa jirgin sama biyu suka kafa kamfanin Plantronics a jihar Kalifoniya, suna ƙera hedfon marar nauyi mai makirfo. Da irin nasu ne Neil Armstrong ya yi magana daga duniyar wata a 1969. Kun ga ke nan, a wancan zamani hedfon mai makirfo kayan aikin ƙwararru ne masu tsada.

Abubuwa biyu ne suka karya farashinsa. Na farko, a 1962 Gerhard Sessler da James West na cibiyar binciken Bell suka ƙirƙiro ɗan ƙaramin makirfo da ake kira electret. A cikinsa akwai wata siririyar leda mai riƙe da cajin lantarki na dindindin, don haka ba ya buƙatar wuta mai ƙarfi, kuma ƙera shi ba wuya. Na biyu, a farkon shekarun 1980 kamfanin Sumitomo na Japan da General Motors na Amurka, kowa a gefensa, suka samar da maganadisun neodymium. Maganadisu ne ke sa 'yar fatar da ke cikin lasifika ta yi rawa ta fitar da sauti, kuma ɗan ƙarami na irin wannan yana yin aikin da a da sai babba. Da masana'antu, musamman a China, suka shiga ƙera waɗannan sassa da yawan gaske, sai farashi ya faɗi.

Masu wasa kuwa sun shigo kasuwar sosai ne bayan watan Nuwamban 2002, lokacin da Microsoft ya buɗe Xbox Live, ya kuma sanya hedfon a cikin kwalin, domin 'yan wasa su riƙa magana da juna ta intanet.

To, ina batun inganci? A 2017 wani masani, Jeroen Breebaart, ya nazarci hedfon 283, ya gano cewa yadda suke fitar da ƙananan sauti da manya bai da wata alaƙa ta a-zo-a-gani da farashinsu. Ma'ana, mai araha na iya yin sauti mai kyau. Haka nan lambar 7.1 da kuke gani a kwali, akasari manhaja ce ke kwaikwayon sautin kewaye, lasifikan ciki biyu ne kacal.

Abin da ƙarin kuɗi ke saya maka shi ne ƙarko, da soso mai laushi, da aiki ba waya, da makirfo mai rage hayaniya. Mai araha kuwa yakan mutu ne ta waya, inda take tsinkewa a kusa da baki, ko robar kai ta tsage. Saboda haka in za ka saya, nemi wanda ake iya cire wayarsa a canza, ka kuma gwada shi a kunne.

Sai dai a kula: mai tsada da mai araha duk suna iya lalata ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce sa'o'i 40 a mako yana sauraron sautin da ya kai ma'aunin desibel 80, kuma a 2025 ta fitar da ƙa'idojin kare ji ga masu wasan kwamfuta. Iyaye, sai a riƙa sa ido.