Daga Gafaka zuwa Laburare: Yadda Aka Koyar da Bincike a Ƙasar Hausa

Koyar da ɗalibi yadda zai nemo littafi, ya tantance shi, ya kuma faɗi inda ya samo magana, ya girmi jami'a a ƙasar Hausa. A zaurukan malamai na Katsina, Kano da Sakkwato, littafi ganye-ganye ne marasa ɗinki, ana ajiye shi cikin gafaka ta fata. A ƙasan shafi mai kwafa yakan rubuta kalmar da za ta buɗe shafi na gaba, don in iska ta watsa takardun a iya mayar da su yadda suke. A gefe kuma akwai ƙananan bayanai da magabata suka bari. Almajiri yana koyon karanta waɗannan alamomi ne a gaban malaminsa, kuma ba ya cewa ya san littafi sai ya ambaci wanda ya biya masa shi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi musamman don ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Wannan ita ce ƙa'idar ambaton madogara tun kafin a ba ta suna a makarantun boko.

Laburare na zamani ya zo da wata matsala. Littattafai dubbai ne a kan kantoci, babu malami guda da ya haddace su. Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, ɗakin karatunta na Kashim Ibrahim ya zama wurin da ɗaliban Arewa da yawa suka fara cin karo da akwatunan katin littattafai. Ɗalibi zai jawo aljihun akwati, ya bi katuna bisa jerin haruffa, ya kwafe lamba a 'yar takarda, sannan ya shiga tsakanin kantoci yana nema. Dole aka koyar da wannan. A 1968 jami'ar ta buɗe sashen horar da ma'aikatan laburare, daga baya kuma darasin amfani da laburare ya shiga cikin darussan gama-gari na 'yan shekarar farko a jami'o'in Najeriya.

Masana tarihi sun haɗa hanyoyin biyu. Shirin binciken tarihin Arewa da aka fara a 1964, da Gidan Arewa na Kaduna wanda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafa shi a 1970, sun horar da ɗalibai su gwada kwafi da kwafi, su auna rahoton Bature da rubutun malami. A Nijar, tarin rubuce-rubucen hannu da Boubou Hama ya tattara yana cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai, masu bincike suna amfana da shi.

Jihar Maraɗi ta samu jami'arta a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, abin da ya kusanto da karatu mai zurfi ga yaran Agye, Gazawa, Gidan Rumji da garuruwa irin su Gangara. Ɗalibin yau wayarsa ce ƙofar farko, kuma intanet ba ta da ƙarancin bayani. Abin da horon laburare ya fi bukatar koya masa shi ne tambayar nan ta zaure: wa ya faɗa, kuma daga wa ya ji?