Jirgin Kara da Jirgin Yaƙi: Tarihin Harhaɗawa da Sauyawa a Ƙasar Kano

Gabatarwa

Idan kaka ta yi a ƙasar Karaye da Rogo, aka girbe dawa aka jingine kara a bayan danga, sai sana'ar yara ta buɗe. Da reza da ƙayar aduwa suke feƙe kara, su ware ɓawo gefe, totuwa gefe, su ƙera mota da tabarau da jirgin sama. Manya kan wuce su ce wasan yara ne. Amma jirgin nan na kara yana da kakanni na gaske, kuma kakannin nasa jiragen jefa bama-bamai ne. Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan jirage tun daga 1925, domin ta nuna cewa kusan kowanensu an harhaɗa shi ne daga guntaye, ko kuma an sauya shi daga wani abin daban, kamar dai yadda yaron Karaye yake yi a gindin rumbu.

Baƙin 1925

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano. Sun taso ne daga Helwan ta ƙasar Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka ratso Sudan da Cadi zango-zango. Su ne jiragen sama na farko da suka taɓa sauka a Nijeriya. Samfurinsu DH.9A, wanda aka ƙera a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya don jefa bama-bamai. Ke nan jirgin da Bakano ya fara gani da idonsa jirgin yaƙi ne.

Ƙirarsa abar lura ce. Ƙashin jikinsa katako ne, an lulluɓe fukafukansa da ƙyalle mai ƙarfi, aka shafe da wani ruwan danƙo don ya ɗame. Fukafukan hawa biyu ne, sanduna na tokare da su, wayoyi na ɗaure da su gicciye, faɗinsu daga wannan baki zuwa wancan kimanin mita 14. Shi kansa gyararre ne. Wanda ya gabace shi, DH.9, injinsa ba shi da ƙarfi kuma yakan mutu a sama, sai aka cire shi aka ɗora wani ɗan Amurka mai suna Liberty, mai ƙarfin doki 400, aka kuma ƙara girman fukafukai don su ɗauki nauyinsa. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya soke ɓawon kara cikin totuwa ya yi haƙarƙari, sannan ya liƙa masa takardar buhun siminti, ya ga asalin wannan dabara: ƙashi marar nauyi, da fata ɗamammiya a kansa.

Hanyar Takoradi

Yaƙin Hitila shi ya mayar da Kano babban zangon jiragen yaƙi. Da Italiya ta shiga yaƙin a watan Yuni 1940, sai hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuma sojojinta da ke Masar suna matuƙar buƙatar jiragen sama. Aka koma zagaye, domin Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Sai a kwance jirgi a Ingila, a zuba shi cikin manyan akwatunan katako, a kawo ta ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, wato Ghana ta yau. A can makanikai, tare da ma'aikata 'yan ƙasa, za su ɗaura fukafukai da farfela, su gwada inji, sannan jirgin ya tashi da kansa. Daga Takoradi sai Ikko, sai Kano, sai Maiduguri, a ƙetare Cadi da Sudan zuwa Hartum, a bi Kogin Nilu har Masar. Tafiyar kan ci kimanin kwana shida.

Siyasar Faransa ce ta buɗe wannan hanya, ita ce kuma ta ƙuntata ta. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta 1940, don haka sararin Cadi ya samu. Nijar kuwa ta zauna a hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, saboda haka matuƙin da ya ɓace ya nausa arewa wajen Maraɗi ko Damagaram ya faɗa hannun da ba na abokai ba. Ayari na farko ya tashi a watan Satumba 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Karaye da Rogo suna kudu maso yammacin birnin Kano, wato ta fuskar da jirgin da ya taso daga Ikko yake ɓullowa. A shekarun da ake ɗibar samarin ƙasar Kano soja ana kai su Bama, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma tana kawo labarin yaƙi daga Zariya, manomin wannan yanki ya san rugugin inji a sama.

Madugun ayarin yawanci jirgin bama-bamai ne mai inji biyu da ake kira Blenheim, domin shi ke ɗauke da masanin hanya, ƙananan jiragen faɗa irin su Hurricane suna biye da shi. Ƙananan sai an ƙara musu tankunan mai saboda nisan zango, da matatar iska saboda ƙura. Shi kuwa madugun, asalinsa jirgin fasinja ne. Wani attajiri mai gidan jarida a Ingila, Lord Rothermere, shi ya sa aka ƙera masa jirgin hawa mai gudu. Da aka gwada shi a 1935, sai aka ga ya fi jiragen faɗan ƙasar sauri. Nan take soja suka karɓe shi, aka ɗaga fukafukansa zuwa tsakiyar jiki don a sami ramin bama-bamai a ciki, aka dasa bindigogi.

Yaƙin Basasa

Wannan darasi na sauya jirgi ya dawo gida a 1967, kuma da ɗaci ya dawo. Sojan saman Nijeriya, wanda aka kafa a 1964, bai mallaki jirgin yaƙi na sosai ba lokacin da rikici ya ɓarke. A watan Agusta 1967 Tarayyar Sobiyet ta kawo jiragen MiG a kwance zuwa filin jirgin Kano, aka harhaɗa su a nan. A cikin watan ne kuma tsohon jirgin Biyafara samfurin B-26, ragowar Yaƙin Duniya na Biyu, ya kawo wa filin hari. Ɓangarorin biyu duk sun mayar da jiragen fasinja na jefa bama-bamai, inda ake buɗe ƙofa a turo bam da hannu. Wani Fokker na kamfanin jiragen Nijeriya da Biyafara ta kama ta sauya, ya tarwatse a saman Ikko a watan Oktoba 1967 da duk mutanen cikinsa. A watan Mayu 1969 wani ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya ɗaura rokoki a ƙarƙashin fukafukan ƙananan jiragen koyon tuƙi guda 5, ya kai hari filayen Fatakwal da Benin da Inugu. A yaƙin, bama-bamai sun faɗa kasuwanni da asibitoci, kuma waɗanda suka fi mutuwa ba su taɓa riƙe bindiga ba.

Hannun da Ke Ƙasa

Duk wannan zamani, wasu ne ke zana jirgi, namu kallo ne da ɗaure kusoshi. Ko Air Beetle, jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna don sojan sama, an samo shi ne daga wani samfurin Amurka da ake sayar wa masu sha'awa a guntaye su haɗa a gida. Wanda yake farawa daga babu, ba zane ba akwati, shi ne yaron ƙauye.

Aikinsa ya ci gaba da zamani. Daga kara aka koma gwangwanin madara da langa-langa, aka yanka tsohon silifa aka yi taya. Da rediyo mai kaset ya yawaita, aka ciro ɗan injinsa aka haɗa da batir, farfela ta fara juyawa da kanta. Wanda kuma ya so yin babba, sai ya ci karo da tambayoyin da injiniya ke fama da su. Na farko ma'auni: in zai rage Blenheim mai faɗin mita 17 sau goma, faɗin nasa zai zarce mita ɗaya da rabi, kuma dole wutsiya da taya da farfela duk su ragu da wannan lissafi, in ba haka ba ido zai ƙi shi. Na biyu nauyi: in gindi ya rinjaya, jirgin zai ɗaga hanci ya faɗo, don haka ake ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai a ga ko ya daidaita. Na uku ƙarfi: dogon fiffike yakan lanƙwashe, sai an ratsa shi da sanda tun daga wannan baki har wancan. Yaron da ya warware waɗannan uku da kara da gora ya riga ya taɓa ilimin da ake koyarwa a Kwalejin Jiragen Sama ta Zariya, ko da bai san sunansa ba. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya nuna iyakar inda wannan hannu zai iya kaiwa, da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda da tarkacen ƙarfe, har labarinsa ya zaga duniya.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna jirgi ba shi da hali nasa na kansa, abin da aka ɗaura masa shi yake zama. An mayar da jirgin attajiri na yaƙi, an mayar da na fasinja da na koyo makami, kuma har yau ana ganin sakamakon. Bam ya faɗa sansanin 'yan gudun hijira a Rann a 2017, ya kuma faɗa kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna a Disamba 2023. Sai dai hannun da ya iya ɗaura bam ya iya ɗaura tankin feshi. Da jirgi ake yaƙar jan-baki a fadamun Haɗeja, kuma masu noman rani a bakin madatsar Challawa da masu rake a Rogo suna da buƙatar ƙaramin jirgi marar matuƙi da zai duba gona ya yi feshi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jihar da ta kafa makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977 ba za ta kasa buɗe ɗakin ƙira a makarantun Karaye da Rogo ba, inda za a miƙa wa mai jirgin kara ma'auni da zane da malami, kafin ya girma ya yar da rezarsa.