Shaidar Ƙarfe da Shaidar Baki: Nazari a Kan "Bindigar Jamus" ta Gado

Wani dattijo a Daurawa, nan gefen titin Maiduguri a Kano, ya taɓa miƙo mini wayarsa bayan la'asar ya ce, "Malam, duba min wannan. Ta kakanmu ce, da ita ya dawo daga yaƙin Jamus. An ce Turawa na sayen irinta da tsada. Nawa za ta yi?" Hoton ragowar bindiga ne da ke rataye a ɗakin gado can ƙauyensu. Tsatsa ta ci bututun, katakon gindin ya tsage an ɗaure shi da ɗanyar fata wadda ta bushe ta kama gam, sannan wani ya jera ƙusoshin tagulla a gefe don ado. Kafin a je ga kuɗi, sai an fara sanin ko ta Jamus ce da gaske, da kuma yaƙin da ake nufi.

Yaƙin Jamus biyu ne, kuma bakin mutane ya daɗe da cakuɗa su. A yaƙin Hitila, akasarin sojan Nijeriya da Italiyawa suka kara a Somaliya da Habasha, sai kuma Japanawa a Bama, suna riƙe da Lee-Enfield ta Ingila. Inda kakanninmu suka fara yin gaba da gaba da Jamus shi ne Kamaru, a yaƙin farko, daga 1914 zuwa 1916, kafin a kai wasunsu Gabashin Afirka. An kai wa Garwa hari a watan Agusta na 1914 aka sha kashi, ba ta faɗi ba sai Yunin 1915. Banyo ta biyo baya a Nuwamba. Dutsen Mora kuwa, wanda aka tasam masa daga Maiduguri, Kyaftin Ernst von Raben ya riƙe shi har Fabrairun 1916, bayan sauran rundunar Jamus ta tsallaka yankin Sifaniya na Riyo Muni. Saboda haka duk bindigar da aka ce an ƙwato daga hannun Jamus, a nan ya kamata a fara nemanta.

Wannan ya taƙaita aikin ƙwarai. Da yawa daga askarawan Jamus a Afirka tsohuwar Mauser ta 1871 aka ba su, musamman gajeren samfurinta na maharba. Harsashi ɗaya take ci, faɗin bakinta milimita 11, kuma baƙin albarushi take ƙonawa, mai tona asirin mai harbi da farin hayaƙi. Wasu sun samu samfurin 1898, mai cin harsashi biyar, mai baki milimita 7.92. Awon baki kaɗai zai raba su. Idan kuwa babu sakatar ƙarfe da ake ja da baya a cusa harsashi, ta baki ake ɗura ta, to magana ta ƙare: adaka ce irin wadda 'yan bindiga ke bugawa a hawan Sallah, ko da kuwa bututunta daga Turai ya zo. Yarjejeniyar Birasels ta 1890 irin waɗannan kaɗai ta bari a sayar wa 'yan Afirka, shi ya sa suka cika ƙasar.

Sai karatun tambari, wanda a nan ne Bajamushe ya sauƙaƙa wa mai bincike. A gefen hagu na gidan sakata ana buga sunan samfuri: I.G. Mod. 71 ga doguwar, B. Mod. 71 ga ta maharba, Gew. 98 ga ta baya. A sama akwai sunan maƙera, Spandau ko Erfurt ko Danzig ko Amberg, ko kamfanin Mauser na Oberndorf, tare da shekara da kambin sarauta. Lambar bindigar kuma ana maimaita ta a bututu da sakata da kunama da zobba, a kan ta 1871 har kawunan ƙusoshi ba a bari ba. Mai bincike yakan bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba daidaituwar lambar kaɗai yake dubawa ba, har da siffar rubutun da zurfinsa. Tambarin gaske ya tsufa tare da ƙarfen da ke kewaye da shi, tsatsa ta shiga cikinsa kamar yadda ta shiga ko'ina. Na jabu yakan fito da kaifin baki a kan ƙarfen da ya riga ya lalace, ko a ga ɗan kwari inda aka goge tsohuwar lamba da magagari. Tambarin da ya fi shafarmu shi ne na runduna, irin Sch.K. na sojan Kamaru ko Sch.D.O.A. na Gabashin Afirka. Shi ne ke fitar da bindiga daga cikin dubban ɗaruruwan 'yan'uwanta ya ajiye ta a fagen da kakanninmu suka yi yaƙi, kuma shi ya sa 'yan damfara suka fi son ƙirƙirarsa.

Ta zamanin Hitila, wato K98k da aka fara a 1935, ba zan daɗe a kanta ba. An ƙera fiye da miliyan 14. An ɓoye sunan maƙera da haruffa: byf na Oberndorf ne daga 1941, bnz na Steyr, dot na Brno, kuma kowace maƙera da tambarin gaggafa mai ɗauke da lambar mai duba kayanta. Gaggafar da ba ta dace da maƙera da shekara ba, ta tona kanta. Bayan 1945 an watsa su duniya. Rashawa sun wargaza waɗanda suka kama suka sake harhaɗawa, suka buga musu alamar X. Isra'ila ta sauya wa nata bututu. Idan irinta ta ɓulla a Kano, ya fi kusa a ce ta biyo fataucin makamai na baya, irin wanda ya kai Mauser ƙirar Cekoslobakiya hannun Biyafara, da a ce kakan wani ya ƙwace ta a fagen daga. Haka nan G3 da masana'antar tsaro ta Kaduna ta riƙa haɗawa: zanen Jamus ne, amma ba ta san yaƙin duniya ba.

A wajen ƙima ne nake ganin mizanin masu tara kayan tarihi na Turai da Amurka bai yi mana adalci ba. Su abin da suke biya shi ne bindigar da ta zauna yadda ta fito daga maƙera: lambobi sun dace, launin ƙarfe na asali, katako ba a kankare ba, cikin bututu fes. Sakata ɗaya da ba tata ba takan zubar da farashi sosai. A wannan awo, bindigar dattijon Daurawa tarkace ce. Amma fatar nan da ƙusoshin tagulla, da sukurun da wani maƙeri ya ƙera da hannu ya maye gurbin wanda ya ɓata, su ne ke nuna cewa ta rayu a hannun mutanenmu bayan Jamus ta tafi. Abin da dillali zai kira aibi, mai nazarin tarihi hujja yake gani.

Sai dai ƙarfe iyakarsa ya faɗi inda aka ƙera shi da rundunar da aka ba. Ba zai faɗi hannun da ya riƙe shi ba. A nan sai an koma ga takardar sallama da lambobin yabo. Lambobin Ingila na yaƙin farko suna ɗauke da sunan soja da lambarsa da rundunarsa, kuma ana iya bin su a rajistar da ke Kew a Landan, a kuma duba ma'adanar takardun tarihi ta Kaduna. Kada kuma a ɗauka lallai kakan a ɓangaren Ingila ya yi yaƙi. Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, sojan Jamus ne aka kama shi a Garwa, daga baya ya shiga rundunar Ingila har ya je Bama. Wata "ganimar yaƙi" ƙila bindigar aikin mai ita ce, zuriya ta gyara labarin don kunya.

Batun sayarwa kuwa, doka ta riga ta rufe shi. Dokar makamai ta 1959 ba ta yarda a mallaki bindiga irin wannan ba tare da lasisi ba, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda ta amince da shi, fitar da su waje ma sai da izini. Na ce wa dattijon, "Baba, kada a goge ta da yashi, kada a cire fatar, kada kuma wani yaro ya gwada ɗura ta. A ɗauko hoton saman gidan sakata da ƙarfen gindi." Duk mai irinta a gida, ya zauna da gwaggo ko kawun da ya fi kowa shekaru ya rubuta sunan kakan da garuruwan da ya ambata tun suna da rai, sannan ya nufi Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, ya nemi ma'aikatan gidan su duba masa.